A Saurari Mutanen Batsari Da Safana Kafin A Sa Hannu

Tun ranar 29 ga Janairu, 2025, da Jamhuriyar Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS, yarjejeniyar 1979 wadda ta bai wa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba ta daina ɗaure ta. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan Nijar har a tsayar da sabon tsari. Ke nan aikin rubuta ƙa'idojin shige da fice yana gaba. A nan gida kuma, Gwamnatin Tarayya ta ɗaura samun tallafin kuɗi ga talakawa a kan mallakar lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN.

In waɗannan abubuwa biyu suka haɗu, a kan wa za su faɗa? A kan mutanen irin su Batsari da Safana. 'Yan bindigar dajin Rugu sun tashi ƙauyuka da yawa a ƙasashen Ruma da Runka, an ƙona gidaje da abin da ke ciki. Tun 2019 dubban mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato suka tsallaka Jihar Maraɗi neman mafaka. Wanda ya dawo ba takardar haihuwa, ba kati, ga dangi ta ko'ina, da me zai gamsar da ma'aikaci cewa shi ba baƙo ba ne? Katsina da Maraɗi tsatso ɗaya ne. Harshe da kamanni ba sa raba su.

Tarihi ya ishe mu gargaɗi. A 1980 an ɗauki Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Jihar Borno, aka kai shi Cadi bisa zargin baƙo ne, sai kotu ce ta maido masa da haƙƙinsa. In haka ta sami babban mutum, ina ga manomin Wagini?

Saboda haka muna kira ga hukumomin shige da fice da na tallafi da su fito da daftarinsu cikin Hausa, su zauna da hakimai da dagatai tun yanzu. A amince da shaidar mai unguwa, a kai masu rajista har garuruwan da 'yan gudun hijira suke zaune, a kuma buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara ga wanda aka hana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.