TABKIN MADARUNFA: KAKA TA FITA, ƊARI YA SHIGO

A Madarunfa ba a tambayar kalanda ranar shigowar ɗari. Shamuwa, wadda ta zo da bushirar damana, ta tashi ta nufi kudu tun cikin Oktoba. Raɓa ta ɗauke. Iskar da ke busowa daga yamma ta juya, yanzu daga arewa maso gabas take zuwa, ɗauke da hazon da ke rufe bakin tabki har hantsi. Dammunan hatsi sun shiga rumbu, harawa ta hau bisa itace, tsofaffi sun koma gindin wuta da asuba. Kaka ta ƙare ke nan.

Tabkin nan, da ke kudu da Maraɗi kusa da iyakar Najeriya, ruwan gulbi ne ke ciyar da shi: gulbin Gabi da gulbin Maraɗi, dukansu daga Najeriya suke gangarowa. Da damana yakan cika ya malala cikin fadama. Da ɗari kuwa ya fara ja da baya, taki bayan taki. Kowane takin da ruwa ya bari, akwai mai jiransa.

Na farko manomi ne. Ƙasar da ruwa ya sauka a kanta baƙa ce, mai laima, ba ta neman taki mai yawa. Nan ake dasa tumatir, albasa, shu da salati, domin sanyi shi ne lokacinsu. Zafin bazara ba ya barinsu. Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kunce ta ja hankalin talakawa zuwa noman rani, garka ta zama rumbu na biyu. Gidan da ke da ita ba ya sayar da hatsinsa da arha a kasuwar kaka, kuma samarinsa ba su cika tafiya cin rani Kano ko Ikko ba.

Na biyu masunci ne. Ruwa ya yi sanyi, karfasa ta rage cin abinci, shiga tabki da asuba sai mai ƙarfin hali. Amma yayin da ruwa ke raguwa kifi na taruwa wuri ɗaya, tarwaɗa na faɗawa gura da mamari. A nan haɗarin yake: taru mai ƙananan idanu yana kwashe uwa da ɗiya, ya bar baɗi babu komi.

Na uku makiyayi ne. Tabkunan arewa sun ƙafe, garken shanu sun juyo kudu neman karan dawa da ruwan sha. In hukuma ta yi jinkirin faɗin ranar sakin gonaki, ko kuwa garka ta toshe burtalin da ke kai wa ga mashaya, sai husuma ta tashi. Jahar Maraɗi ba ta manta da Toda ba, inda a 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100. Dokar tsarin karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun tabbatar wa dabba hanyarta zuwa ruwa. Abin da ya rage shi ne a ga alamar burtali a ƙasa, ba cikin takarda kaɗai ba.

Akwai baƙo na huɗu wanda ba ya kai ƙara gaban kowa: agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da ke gudun sanyin Turai, su ƙetare Sahara su sauka nan. Darajar wannan mazauni ce ta sa aka shigar da tabkin cikin yarjejeniyar Ramsar a 2019.

Sai dai tabkin kansa yana cikin wahala. Rairayin da gulbi ke kwasowa daga gonakin da aka sare wa itatuwa yana cike gindinsa, kuma tun da aka gama madatsar Jibiya a 1989 gulbin Maraɗi bai sake kawo ruwa kamar da ba. Tabki marar zurfi da wuri yake ja, masu jiransa kuwa ƙaruwa suke yi.

Mutanen garin sun ce waliyyai 99 ne ke kwance kewaye da ruwan, suna tsaronsa. Tsaron rairayi da burtali da idon taru kuwa na masu rai ne: sarkin ruwa, masu garuruwa, hardon Fulani da magajin gari. Lokacin zamansu shi ne yanzu, tun shanu ba su iso bakin garka ba.