Mawaƙi Ɗaya, Murya Uku

Matashin da ya shiga sitidiyo shi kaɗai ya maimaita tsohuwar waƙa, ya sa kwamfuta ta ninka muryarsa har ta zama kamar ta mutum uku, bai yi algus ba. Dabarar ta daɗe: a 1951 makaɗi Les Paul yana ɗora muryar mawaƙiya Mary Ford a kan muryarta a Amurka, manhajar Auto-Tune mai miƙe sautin murya kuma ta fito a 1997. Waƙar mutum ɗaya ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin da kuntigi kawai Ɗanmaraya Jos ya yi suna. Masu suka suna cewa na'ura tana rufa wa marar murya asiri, tana kuma raba 'yan amshi da abincinsu. Zargin farko ba shi da ƙarfi: na'ura tana miƙe sautin da ya karkace, amma ba ta koya wa mutum inda zai ja numfashi, ko yadda zai faɗi kalma da karinta. Na biyun kuwa da ƙamshin gaskiya. 'Yan amshin Mamman Shata suna karɓa ne don ya huta ya shirya baiti na gaba, muryar na'ura kuwa rakiya kawai take yi, ba ta mayar da magana. Don haka mai maimaita irin waɗannan waƙoƙi ya ɗauki amshin daban, ko da muryarsa ce. Ya kuma nemi izinin magada, domin dokar Nijeriya tana kare waƙa shekara 70 bayan rasuwar mai ita, Shata kuwa a 1999 ya rasu.