Suna linzami ne

A ƙasar Hausa da wuya a sami mutum mai suna ɗaya tak. Ran bakwai da haihuwa ake yanka rago, liman ya raɗa wa jariri sunan yanka. Amma kafin yaro ya fara tafiya ya sami suna na biyu, wanda gida da unguwa suka san shi da shi. Shi ne lakabi.

Kowane lakabi da dalilinsa. Wanda aka haifa ran Jumma'a shi ne Ɗanjuma, in mace ce Jummai. Na ran Laraba Balarabe ne. Namijin da ya zo bayan mata Tanko, macen da ta zo bayan maza Kande, mai bi wa tagwaye Gambo. Nomau lokacin noma ya zo duniya. Matar da ƴaƴanta ke mutuwa takan ce wa sabon jariri Bawa ko Ajuji, kamar ba ta damu da shi ba, ko mutuwa ta ƙyale shi. Akwai kuma kunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Yaron da ya ci sunan kakansa sai a kira shi Abba ko Baba.

Wani lakabin sana'a ke jawo shi. Ɗan kokowar Maraɗi da ya ci kokowar ƙasa ta farko a Tawa a 1975, sunansa Yakuba Ango, amma Kantu duniya ta sani. Adamu Wayya tun yana ƙarami ya rasa iyayensa, shi ya sa ya zama Ɗan Maraya Jos har ya rasu a 2015. Dukansu mutane ne suka sa musu, kuma mutanen da suka san su.

Yanzu ga wani irin suna ya shigo tare da salula. Facebook ya fito a 2004, WhatsApp a 2009, TikTok ya biyo baya. Duk mai shiga sai ya rubuta suna, kuma shi ke zaɓa da kansa. Wani ya ce shi Zakin Tawa ne, wata ta ce ita Ƴar Damagaram. Wani ya ɗauki sunan ɗan ƙwallo ko mawaƙin da yake so. A TikTok ba a yarda mutum biyu su riƙe suna ɗaya ba. In an riga mutum, sai ya ƙara lamba: shekarar haihuwarsa, ko 227, lambar wayar Nijar.

Wannan ba laifi ba ne. Irin sunan nan ma yana ba da labari, domin yana nuna garin da mutum ke ƙauna da abin da yake so ya zama. Ɓoye suna kuma yana da amfani. Yarinyar da ba ta sa sunanta na gaskiya ba ta rage wa kanta fitinar baƙi.

Amma akwai bambanci babba. Hausawa sun ce suna linzami ne. Tanko ba ya zagin dattijo a kasuwa, don kafin ya kai gida labari ya riga shi. Sunan da aka sani shi ke riƙe mai shi. Wanda ya laɓe bayan sunan da babu wanda ya sani yakan ga kamar an cire masa linzami. Sai ya zagi sa'ar uwarsa, ya yaɗa ƙarya, ko ya ari sunan wani ya roƙi kuɗi. Ya manta magana zarar bunu ce. Abin da aka rubuta ana ɗaukar hotonsa a ajiye, lambar waya kuma rajista gare ta. Ranar da asiri ya tonu, ba Zakin Tawa za a nema ba, ɗan gidan wane za a nema, kunya ta rufe gidan duka.

Saboda haka ya kamata ɗalibin da ya isa riƙe salula ya auna sunansa kafin ya rubuta. Kada ya haɗa cikakken sunansa da shekarar haihuwarsa da makarantarsa wuri ɗaya, don ya nuna wa macuci ƙofar gida ke nan. Kada ya ɗauki sunan da zai ji kunyar faɗi gaban kakarsa. Abin da ba zai iya faɗa da sunan yanka ba, kada ya rubuta shi da sunan aro. Iyaye da malamai su ma ya kamata su san sunan da ƴaƴansu ke yawo da shi a intanet, kamar yadda suka san wanda ake kiran su da shi a tsakar gida.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin sunan yanka da lakabi?
2. Don me ake ce wa yaro Ajuji?
3. Mene ne ma'anar "suna linzami ne"?