Ciwon daji a jikin yara: a daina ɗora wa uwa laifin da bincike bai ɗora mata ba

A garuruwanmu, da zarar likita ya ce yaro yana da ciwon daji, kafin iyayensa su share hawaye an riga an yanke hukunci a zaure da bakin rijiya. Dangin miji su ce jinin gidan matar ne. Dangin mata su ce kishiya ce ta yi aikinta. Tsofaffi su ce iska ne ko kamun maye, su ƙara da cewa daji ba ya son allura. Ƴan boko kuma, waɗanda ya kamata su fi kowa taka-tsantsan, sai su ɗauko saƙon WhatsApp su ce dunƙulen magi ne, ko salula, ko allurar rigakafi. Kowa ya san dalili, babu mai cewa a bari a bincika. Ni malamin makaranta ne, kuma da malamai ƴan uwana da iyayen yara nake magana: wannan tabbacin da ba shi da hujja yana raba aure, yana cinye dukiyar gida, yana kashe yaran da da an kai su asibiti da wuri sun warke.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace shekara yara da matasa kusan 400,000 suke kamuwa da ciwon daji. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 suna warkewa, a yawancin ƙasashe irin namu kuwa ba su kai 30 cikin 100 ba. Ciwon iri ɗaya ne. Abin da ya raba mu shi ne jinkirin ganowa, rashin magani, da yanke magani a tsakiya. Hukumar ta kuma bayyana cewa mafi yawan ciwon daji na yara ba a gano abin da ke jawo shi ba. Idan masu awon jini da na'ura sun tsaya a nan, to, daga ina maƙwabciya ta samo nata tabbacin?

Mu ɗauki maganar gado, tunda ita ce sandar da ake dukan uwaye da ita. A shekarar 2015 likitocin asibitin St. Jude na Amurka sun binciki ƙwayoyin gado na yara 1,120 masu ciwon daji, suka iske kashi 8.5 cikin 100 ne kawai aka haifa da wata tangarɗa da ke buɗe wa ciwon ƙofa. Ke nan a cikin yara goma, tara ba a ga alamar gado a tare da su ba. Ko ga ɗayan da ya rage, kowane malamin kimiyya ya san ɗa yana ɗaukar rabin ƙwayoyin gadonsa daga uwa, rabi daga uba. Wane lissafi ne ya mayar da rabi ya zama duka?

Dubi ciwon dajin ido na ƙananan yara, wanda ke sa baƙin ido ya riƙa ƙyalli fari kamar idon mage da dare. Tun 1971 likita Alfred Knudson ya nuna cewa sai lahani biyu sun haɗu a ƙwayar gado guda kafin ciwon ya tashi. Kusan 40 cikin 100 na yaran an haife su da lahani na farko a jiki, kuma yawancinsu babu wanda ya taɓa yin ciwon a danginsu: tangarɗar sabuwa ce, kuma bincike ya nuna ta fi faruwa ta ɓangaren uba. Shi ma uban ba shi da laifi, don babu wanda ke zaɓen abin da zai ba ɗansa a jini. Amfanin wannan ilimi ɗaya ne: idan yaro ya yi wannan ciwo, a kai ƙannensa likitan ido ya duba su tun suna jarirai.

Sai maganar muhalli, wato abin da yaro ke shaƙa, yake ci, yake zaune a cikinsa. A nan ma abin da aka tabbatar kaɗan ne, kuma da wahala aka same shi. A 1958 wani likita mai suna Denis Burkitt, yana aiki a Kampala ta Yuganda, ya bayyana wani kumburi da ke fitowa a muƙamuƙin yara. Bai ce mayu ba ne. Ya aika wa asibitocin Afirka takardun tambaya, ya shiga mota ya zaga ƙasashe yana sa alama a taswira, har ya ga ciwon ya fi yawa inda ake zafi da ruwan sama, wato inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964 Epstein da Barr da Achong suka gano wata ƙwayar cuta a cikin tsokar kumburin da ake aika musu Landan daga Yuganda. Yau an san cewa haɗuwar wannan ƙwaya da zazzaɓin da ke ta komo wa yaro ita ke share wa ciwon hanya. Wannan ya shafe mu kai tsaye a Maraɗi da Damagaram da Gaya: gidan sauro da maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida-gida da damina sun fi kowace laya kusa da tushen wannan ciwo.

Abu na biyu da aka tabbatar shi ne tururin nukiliya. A 1956 likita Alice Stewart ta Ingila ta nuna cewa ɗaukar hoton radiyo ga mai juna biyu, irin na wancan zamani, yana ƙara haɗarin ciwon daji ga jariri. Hoton eko da ake yi wa matanmu wajen awon ciki da sauti yake aiki, ba ya cikin wannan magana. Bayan hatsarin Canobil na 1986, dubban yara a Belarus da Yukren da Rasha sun kamu da ciwon dajin maƙogwaro, yawanci ta hanyar madarar da ta gurɓata. Mu kuma ƙasar yuraniyom ce. Tun 1971 ake haƙarsa a Arlit, kuma a 2010 ƙungiyar Greenpeace, tare da masu awo na CRIIRAD daga Faransa, ta fitar da rahoton cewa an sami tururi mai yawa a wasu titunan Akokan, da yuraniyom da ya wuce ƙa'ida a wasu ruwan sha. Wannan bai isa a nuna yaro ɗaya a ce ma'adinin ne ya sa masa ciwo ba. Ya isa dai a ce a ƙirga yaran yankin shekara da shekara, a kwatanta su da na Tawa da Doso, a faɗa mana sakamako a fili.

Na san abin da wasu za su ce: ƙasar da ke fama da yunwa da zazzaɓi ina ita ina binciken ciwon daji? Amsata ita ce Burkitt bai fara da na'ura mai tsada ba, da takarda da taswira ya fara. Muna da rajistar ciwon daji a Yamai tun 1992, muna da Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa a can. Amma yaron da ya rasu a ƙauye a hannun mai magani, bayan an tsattsaga kumburin an shafa masa gari, ba ya shiga kowane littafi. Wanda ba a ƙirga ba, ba a yi masa kasafi. Yawancin manyan binciken nan a Turai da Amurka aka yi su, alhali ba su ne ke kwana ɗaki ɗaya da kwalbar piya-piya ba. Masana sun ga alamun alaƙa tsakanin magungunan kashe ƙwari da ciwon dajin jini na yara, ba su kai ga tabbatarwa ba tukuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo; wa zai yi mana wannan bincike in ba mu nema ba? Kafin nan, hankali ma ya isa ya sa a raba ɗakin yara da maganin feshi.

Malamai, mu muke ganin fuskokin yaran nan kowace safiya a wajen kiran suna. Ga abubuwan da bai kamata su wuce mu ba: farin ƙyalli a ido, kumburin muƙamuƙi ko ciki da ke girma cikin kwanaki, ɗashewar jiki tare da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, zubar jini daga hanci ko dasashi babu dalili, ciwon ƙashi da ɗingishi, ciwon kai da amai da sassafe. Yawancin lokaci wata cuta ce daban, amma likita ne zai faɗa. Kumburin Burkitt yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma yana cikin masu saurin jin magani. Allurar da ake cewa daji ba ya so, ita ce ke narkar da shi.

Mu kai wannan magana taron COGES da na ƙungiyar uwayen ɗalibai. Mu daina tura saƙon da ba mu san mafarinsa ba. Mu tambayi hukumomin lafiya na jiharmu yara nawa aka gano a bara, nawa suka gama magani. Idan kuma aka ce a gabanka ciwon yaron nan daga gidan uwarsa ya fito, ka tambayi mai maganar a wane asibiti aka yi awon. In ba shi da amsa, ya kama bakinsa ya taimaka da kuɗin motar zuwa Yamai.