Abin da Ɓerayen Amurka Suka Nuna Game da Sukari da Hanta

Sukarin da muke zubawa a shayi sinadarai biyu ne a haɗe, gulukos da furuktos, rabi da rabi. Da sun isa hanji sai su rabu, kowa ya kama gabansa. Gulukos kusan duk sassan jiki suna ƙona shi, daga tsoka har ƙwaƙwalwa. Shi kuwa furuktos, an daɗe ana ɗauka hanta ce kaɗai ke dakon sa.

A 2017 masu bincike a cibiyar ciwon sukari ta Joslin da ke Boston, ƙarƙashin Ronald Kahn, suka riƙa shayar da ɓeraye ruwan da kashi 30 cikin 100 nasa sukari ne, har mako 10. Wasu gulukos, wasu furuktos. A cikin ɓerayen da ke cin abincinsu na yau da kullum, bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma da aka haɗa musu da abinci mai maiƙo, masu shan furuktos suka fi teɓa, hantarsu ta fi kumbura, jikinsu ya kasa daidaita sukarin jini, alhali yawan abin da ɓangarorin biyu suka ci kusan ɗaya ne. Da aka rage aikin sinadarin KHK, wanda ke fara sarrafa furuktos a hanta, sai lamarin ya yi sauƙi.

Binciken da ya fi jan hankalina shi ne na Jami'ar Princeton a 2018, wanda Cholsoon Jang da Joshua Rabinowitz suka gudanar. Sun sa wa furuktos alama, suka bi sawunsa a cikin jikin ɓera. Ashe idan kaɗan aka ba shi, ƙaramin hanji ne ke tare kusan kashi 90 cikin 100, ya mayar da shi gulukos da wasu sinadarai tun bai kai hanta ba. Idan ya yi yawa, kamar giram 1 a kan kowane kilo na nauyin ɓera, sai hanji ya gaza, ragowar ta kwarara zuwa hanta da babban hanji. Kamar ruwan sama ne: ƙasa na shanye yayyafi, mamako kuwa sai ya yi ambaliya. Sun kuma lura hanjin ɓeran da ya riga ya ci abinci ya fi na mai yunwa iya tarewa.

Furuktos ɗin da ya faɗa babban hanji ma bai tafi a banza ba. A 2020 ɗakin binciken Kathryn Wellen a Jami'ar Pennsylvania ya nuna ƙwayoyin bakteriyar da ke can suna mayar da shi asitet, hanta kuma ta ɗauka ta gina kitse da shi. A 2020 ɗin ne kuma aka gano cewa furuktos ɗin da ɓera ya kwankwaɗa lokaci guda ya fi tara kitse a hanta fiye da daidai wannan adadin da aka ba shi kaɗan-kaɗan.

Gaskiya ne ɓera ba mutum ba ne, kuma ruwan da aka ba su a Boston ya ninka lemun kwalba zaƙi wajen sau uku. Sai dai gwajin da Kimber Stanhope ta yi da mutane a Kalifoniya a 2009 ya bi wannan hanyar: masu shan furuktos na mako 10 hantarsu ta ƙara gina kitse, ya kuma taru musu a tumbi.

Shi ya sa buɗa-bakinmu ke damuna. Bayan yini guda ciki ba komai, sai a ɗaga kofin zoɓo ko kunun aya da aka cika wa sukari, ko lemun kwalba mai sanyi, a shanye tas a numfashi ɗaya. Yunwa, yawa da sauri duk sun haɗu a nan. Don Allah mai karatu, ka fara da ruwa da ɗan dabino, ka ci abinci, sannan ka kurɓi mai zaƙin a hankali. Uwargida kuma a rage hannu wajen zuba sukari a zoɓo.