Martani: Wannan Ilimi Ba Ɓata Lokaci Ba Ne

Malam, ka rubuta cewa koya wa ɗaliban Jami'ar Jihar Taraba sinadaran da ke narka furotin cikin ƙwayoyin garkuwar jiki ɓata lokaci ne. Sam! Farar ƙwayar jini, monosait, tana ɗauke da ɗaya daga cikin sinadaran nan, elastes. Idan ta balaga ta zama makrofej, sai elastes ya ragu, wani sinadarin, katefsin, ya ƙaru cikin jakunkuna masu tsami da ke narka ƙwayoyin cuta. Ƙwayar tarin fuka kuwa hanawa take yi a kai ta jakar, ta yi zamanta. Ka ce magani Jalingo take buƙata. To, ma'aikacin da bai san maɓoyar cutar ba, da me zai shawo kan majinyaci ya jure shan magani wata 6?