Wasiƙa a Buɗe ga Masu Wayarin Mota na Dogon Dutsi da Tibiri



Direban Hiace da ke zirga-zirga a kan babbar hanyar RN1, daga Dosso ya ratsa Kore Mairuwa da Dogon Dutsi har Birnin Ƙonni, ba ya son fasinjan kujerar baya ya rasa jin wa'azi ko sharhin kokowa. Sai ya sayo sifika biyu a kasuwa, ya ce a jona masa a wayoyin sifikun gaba. Yaron gareji ya murɗe ja da ja, baƙi da baƙi, ya naɗe da salatif. Murya ta tashi, kowa ya yi murna. Ba a jima ba rediyon ya fara ɗaukewa da tsakar rana, ƙarshe ya yi ƙauri ya mutu. Direba ya ce an sayar masa da jabu, alhali lissafin om ne ya ɓaci.

Om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta, sunan kuma na Bajamushen nan ne Georg Ohm, wanda ya wallafa ƙa'idarsa a 1827. Yawancin sifikun mota om 4 ne, rediyon mota kuma a kan haka aka ƙera shi. In aka gwama sifika biyu masu om 4 a baki ɗaya, ja da ja, nauyin ya koma om 2, wutar da rediyon zai tura ta ninka. In uku ne, ya sauko wajen 1.3. Jaki ɗaya ne aka ɗora wa kayan uku, a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a Arewa, bayan gaban mota ya riga ya ɗauki rana.

Gwani yana da mafita. Haɗin sarƙa, wato baƙin ta farko ya shiga jan ta biyu, yana ba da om 8: murya za ta ɗan ragu, amma rediyo zai huta. Mai sifika huɗu sai ya yi sarƙa biyu-biyu, sannan ya gwama sarƙoƙin, ya dawo om 4 cif.

Mita ce ke raba gardama. A cire waya, a auna bakin sifikar. Mai om 4 takan nuna tsakanin 3 da 3.6, wannan kuwa lafiyarta ƙalau. Awon ya fi zama dole a motocin hannu da suka zo da kayan JBL ko Bose daga kamfani, domin wasu sifikunsu om 2 ne, da amfilifayarsu a ɓoye ƙarƙashin kujera ko a but. Wanda ya cire irin waɗannan ya sa masu om 4, sai mai mota ya dawo yana cewa sabuwar ba ta kai tsohuwar ƙara ba. Haka sifikar gida ko ƙahon shela, masu om 8 ko 16: ba su ƙona komai, amma rabin ƙarfin ko kashi ɗaya cikin huɗu kawai suke samu.

Lambar da ke jikin kwali ma tana ruɗi. Rediyon da aka rubuta masa wat 50 sau 4, abin da yake bayarwa a ɗore, wanda ake rubutawa RMS, bai wuce wat 15 zuwa 22 a kowane baki ba. Da RMS ake haɗa sifika da amfilifaya, ba da lambar talla ta PMPO mai dubbai ba. Ƙaramin rediyo da aka ƙure har murya ta dinga karcewa yana saurin kashe ƴar sifikar siririyar murya.

Mai sa amfilifaya ya karanta mafi ƙarancin om da aka rubuta a jikinta. Da yawa suna ɗaukar om 2 a kowane baki, amma in aka haɗe baki biyu don tuƙa babbar sifikar ganga, om 4 suke nema, saboda kowane ɓangare rabin nauyin yake gani.

Sauran aikin na hannu ne. Fis ya zauna kusa da batir, kada ya wuce santimita 45. A kankare fenti kafin a ɗaure wayar ƙasa a jikin mota. A yanka wayar wuta a duba cikinta: in fara ce, alminiyam ne aka shafe da jan ƙarfe, sai a ɗauki mafi kauri. Amfilifaya mai wat 500 na gaskiya tana iya jan amfiya 40 zuwa 50, abin da dinamon ƙaramar Starlet ba zai ɗauka tare da fitilu ba. Kafin a rufe ƙofa kuma, a taɓa bakin sifika da batirin tocila mai bolt 1.5: in fatar ta turo waje, wayar da ta taɓa kan batirin mai alamar + ita ce ja. In sifika ɗaya ta juye, gangar kiɗa sai ta ɓace, ko direba ya ƙure murya daga Gesheme har Matankari.

Allah ya yi wa sana'a albarka. Wassalam.